Fasinja A Jirgin Babana

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Na karanta sharhinku na makon jiya, har da baiwar Allahn da ta ce wai ni Ramlat na cika son birni. 'Yar uwa, ban ji haushi ba. Ki ma gyara zama, domin abin da zan faɗa yau ya fi wancan muni, kuma ba wani ne ya yi mini shi ba, ni na yi da bakina.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni malamar firamare ce a Ɗambatta, ina zaune wajen gwaggona ranakun aiki. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a bakin dam ɗin Watari, idan ka tsaya bayan dangarmu kana hango ruwa. Mai nemana sunansa Kamaruddeen, ɗan cikin Kano ne mai shagon kayan sola. Wata bakwai yana zuwa zance gidan Gwaggo, bai taɓa taka ƙauyenmu ba. Ba shi ya ƙi ba, ni ce kullum nake da dalili.

Sai kun san wani abu kafin ku gane girman laifina. Ni ce 'yar fari a wajen Baba, kuma mu har gobe ana kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, Inna Hure, mahaifiyata kuma ta rasu ina aji ɗaya. Shekarata ashirin da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ta Inna" yake ce mini, shi ma ba da ni yake magana ba. Idan na dawo na durƙusa gaishe shi, sai ya kalli turken akuya ya ce, "An zo lafiya?" Idan zai ba ni abu, a bakin ƙofar Inna yake ajiyewa, ya yi gyaran murya ya wuce. A gaban mutane kuwa ko inda nake ba ya kallo.

Ina ƙarama na zaci ba ya sona, har na kai ƙara wajen Inna ina shessheka. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke dai sakarya ce," in ji ta. "Wa kika taɓa gani yana jin kunyar 'yar maƙwabta? Ranar da kika ji ya kira sunanki gatsau, ranar ce za ki yi kuka."

Baba, wato Malam Sabo, yana da ɗan lambun albasa a bakin ruwa, yana kuma da jirgin kwale-kwale da yake ƙetarar da mutane. Da jirgin nan aka yi mini karatu tun daga littafin aji ɗaya har takardar koyarwa. Amma da Kamaruddeen ya tambaye ni sana'ar Baba, sai na gyara mayafi na ce, "Yana harkar noman rani a Watari." Ba ƙarya na yi ba, ko? Sai dai na ga yadda idonsa ya hasko masa wani Alhaji mai tarakta da ma'aikata, na kuwa bar shi da Alhajinsa. Jirgi ko da wasa ban ambata ba.

A gida kuwa Inna ta sa ni gaba. Duk zuwan da zan yi, kafin in ajiye jaka ta fara.

"Wai shi mai solar nan naki, shi ma sai rana ta take yake aiki? Ya turo manyansa, ko ya matsa ya ba wasu wuri. Ina so in ga aurenki da idona, ba a ba ni labari a kabari ba."

Ana cikin haka, wata Alhamis ina gyara littattafan yara, saƙonsa ya shigo.

"Malamata, Anti Maimunat ta zo daga Kaduna, tana son ganinki. Na ce mu je dam ɗinku mu sha iska, tunda kullum kina yabon ruwan. Ko daga nesa ne ki nuna mini gidanku."

Anti Maimunat ita ce babbar yayarsa, kuma a gidansu abin da ta ce shi ake yi. Nan take ƙwaƙwalwata ta yi aiki da sauri, irin saurin da ba ta yi a abin kirki. Na tuna ranar Lahadi Baba yake bin motar albasa zuwa kasuwa, ba ya dawowa sai yamma liƙis.

"Lahadi ta fi," na rubuta. "Sai dai Baba ba ya nan ranar, yana kasuwa."

"Ba komai, shi zuwa na musamman za mu yi masa."

Kun ga ke nan ba tsautsayi ba ne. Ni na zaɓi ranar, na kuma san dalilin da ya sa na zaɓe ta.

Ranar Lahadi na sha doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, na yafa siririn mayafi, na sa baƙin gilashi. Takalmi kuwa mai tsini na zaɓa, ni da na tashi ina tsallake hanyar ban ruwa ƙafa ba takalmi. Gwaggo ta bi ni da kallo ta ce, "Bakin ruwa za ki ko ɗaurin aure?" Na yi kamar ban ji ba. Anti Maimunat tana gaban mota cikin leshi ruwan hoda, ƙamshinta ya cika ko'ina. Ta juyo ta ƙare mini kallo tun daga ɗankwali har farce, sannan ta amsa gaisuwata. A bayan mota ga kuloli biyu, ga darduma, ga lemo cikin ƙanƙara.

Da muka kusa, na nuna masa hanyar da ta zagaye ƙauyenmu, muka sauka can ɗaya ɓangaren da baƙi suke zuwa. Gaskiya ruwan ya yi kyau ranar. Ya kwanta shar har inda ido ya ƙare, balbelu sun yi fari a kan wani busasshen itace da ke tsaye a ciki. Gefe guda fadamar albasa ce kore shar, tumatir ya nuna jajir, injin ban ruwa yana ta tuf-tuf daga nesa. Iska mai sanyi tana tasowa duk da zafin da aka fara. Muka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin wata ɗorawa. Anti ta cire takalmi ta miƙe ƙafa ta ce rabonta da irin wannan iskar tun tana budurwa. Ni ma na riƙa cewa "Kai, wurin ya yi kyau," sai ka ce ba a ruwan nan na koyi wankin tukunya ba.

Kamaruddeen ne ya ɓallo maganar. "Ai ba a zo dam ba in ba a shiga jirgi ba." Ya miƙe ya je bakin ruwa yana ɗaga hannu.

Jirgi ɗaya ne a kusa. Yana juyowa na ga malfar, sannan na ga rigar, shadda ruwan toka da na ɗinka wa Baba da albashina na farko, wadda yanzu ta koɗe ta koma ta aiki. Daga baya na ji ashe motar albasar ce ta lalace ba ta zo ba.

Baba ya kawo jirgin gaɓa ya kafa gora. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce kamar yadda ya saba. Abin da ya rage kawai in durƙusa a cikin taɓon nan in ce, "Baba, ina wuni," komai ya ƙare. Sai na sa hannu na gyara gilashina.

Ku fahimce ni da kyau, don a nan laifin yake. Shirun Baba na kunya ne, da shi na tashi. Na san ko za a kwana a wurin ba zai ce ga 'yata ba, al'ada ta ɗaure masa baki. Ni ce ya kamata in yi magana. Sai na laɓe a bayan kunyarsa na yi lamo.

"Sannu Baba mai jirgi," in ji Kamaruddeen da fara'arsa. "Ɗan zagaya da mu mana."

"Bismillah," Baba ya ce.

Anti ta tattare leshinta tana yatsina fuska, wai ƙarnin kifi. Kafin in zauna, Baba ya zaro wani tsohon buhu ya ninka huɗu ya ɗora a kan katakon tsakiya. Tun ina yarinya haka yake yi mini, don katakon yana da jiƙa. Na zauna a kai. Anti ta ce, "Tsohon ya san mai kwalliya."

Muka tashi. Baba ya bi gefen ciyayi, bai shiga tsakiya ba. Kamaruddeen ya ce a ɗan ƙara ciki, Baba ya ce, "Nan ya fi." Ni kaɗai na san dalili. Tun da na taɓa zamewa ina 'yar shekara bakwai nake tsoron zurfi.

Kada ku zagi Kamaruddeen, ba shi da wulaƙanci. Bai sani ba ne kawai. Ya buɗe kula ya ɗauko cinyar kaza yana ci, ya miƙe ƙafa da takalmi saitin Baba. A wajenmu mai neman aure ko ruwa ba ya sha a gaban suruki, takalminsa kuwa tun daga nesa yake cirewa. Kowace loma ya kai baki sai in ji kamar ni ake tsinka wa mari. Har ya miƙa wa Baba wani yanki.

"Baba, ga nama."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Can ya zaro waya. "Baba, ɗan ɗauke mu hoto. Nan za ka danna, farin nan."

Baba ya kwantar da gorar, ya goge hannu a rigarsa, ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya ɗaga ta saitin fuskata. Mutumin da bai taɓa kallona ido da ido ba, yau ga shi an sa shi dole. Ya daɗe bai danna ba, har Anti ta ce, "Ko ya gagara ne?" Sannan ya danna ya mayar.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na sami bakin ba da haƙuri. Sai Kamaruddeen ya nuna rufin ƙauyenmu da ke can ƙetare.

"Baba, kai ɗan nan ne ai. Ka san Malam Sabo mai noman rani?"

Gorar ta tsaya a cikin ruwa. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon ruwa, na kuma san sarai ni yake ba wa fili. Ya jira ni har jirgin ya fara juyawa da kansa. Ni kuwa na kau da kai.

"Na san shi," ya ce.

"Ana samunsa kuwa? Muna son zuwa gaishe shi."

"Kullum yana bakin ruwan nan. Mai son ganinsa ba ya shan wahala."

Kamaruddeen ya juyo gare ni. "Ba kin ce yau ba ya nan ba?"

'Yan uwa, da kunnena na ji muryata ta fita, a natse, ko rawa ba ta yi.

"Eh, yana kasuwa."

Baba ya cira gorar ya ci gaba da tuƙi.

Da muka sauka, Kamaruddeen ya sa hannu a aljihu, Baba ya girgiza kai ya ce baƙi ba sa biya a zuwan farko. Ya sunkuya cikin jirgi ya ɗauko manyan karfasa guda uku da aka zarge da kaba, ya miƙa masa.

"A kai wa mutanen gida."

Ku da kuka san ƙauye kun san wannan ba kyautar fasinja ba ce, ta surukai ce. Baba yana tura jirgin, Anti ta toshe hanci ta ce wallahi ba a motar da take ciki ba. Kamaruddeen ya tsaya riƙe da kifi yana kallona.

"Ke ce 'yar gari, ya za a yi da shi?"

"Ajiye shi a kan dutsen nan," na ce. "Wani zai ɗauka."

Jirgin bai yi nisa ba a lokacin. Ban waiga ba, amma na san ana hango dutsen daga ruwa.

A hanyar komawa Anti ta saki jiki da ni, har da ba ni turarenta. Na ji tana ce wa ƙaninta ƙasa-ƙasa, "Yarinyar tana da aji, ko kama da 'yan ƙauye ba ta yi ba." Abin da na yi wata bakwai ina nema ke nan. Na same shi, kuma ji na yi kamar in buɗe ƙofa in sauka a tsakiyar titi.

Da yamma Kamaruddeen ya turo hoton, da ɗan rubutu a ƙasa: "Dubi aikin tsohon nan, ya yanke ni." Na buɗe. Anti ba ta fito ba sam, Kamaruddeen rabin fuskarsa ce kawai. Ni ce a tsakiya, tun daga mayafi har takalmin nan mai tsini, ban karkace ko kaɗan ba. A kusurwar sama ga babban yatsan Baba, duk faso. Na kifa wayar a kan katifa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Duk makon nan na rubuta gaskiya na goge ya fi sau ashirin. In fara "Akwai abin da ban gaya maka ba," sai in tuna fuskar Anti in share. Ranar Laraba ya riga ni.

"Anti ta ba da goyon baya. Asabar bayan azahar za mu zo da Kawu Yahya mu gaida Baba."

"Allah ya kai mu," na mayar. Kun ji fa, nan ma ban faɗa ba.

Ranar Juma'a ana tashi daga makaranta na hau bas, daga bakin titi na hau mashin. Na saya wa Baba sabuwar malfa da goro, wai da su zan wanke laifi. Ban same shi ba, a lambu yake kwana saboda gadin albasa. Inna kuwa da ta ji baƙi za su zo, har da guɗa. Ta aika masa, ta sa aka kama zakaranta, aka jiƙa shinkafar waina.

Asabar da hantsi ina tsugune kusa da rumbu ina fige zakara, don nan ne kaɗai sabis yake kamawa a gidanmu, sai ga sallamar Baba. Ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na saki zakaran na durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Ina jiran ya kalli turken akuya. Sai ya kalle ni, tsakiyar ido.

"Lafiya lau, Ramlat. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya makaranta?"

Ludayin da ke hannun Inna ya tsaya a cikin ƙullu. Ba faɗa a muryarsa, ba zafi. Haka yake gaida malamar rigakafi idan ta shigo gidanmu. Ban taɓa sanin sunana yana da nauyi haka ba sai da na ji shi a bakin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana ɓoye shi.

"Baba, don girman Allah..."

"Ba komai, Ramlat." Ya juya wajen Inna. "A ba ta tabarmar baƙi, kada rigarta ta ɓaci."

Na miƙa masa sabuwar malfar. Ya karɓa ya yi godiya, irin godiyar da ake yi wa bare, ya rataye ta a jikin danga. Ya shiga ɗakinsa. Da ya fito, babu farar riga. Shaddar nan ruwan toka ce a jikinsa, da tsohuwar malfarsa a ka.

"Sabo, da wannan za ka tari surukai?" in ji Inna.

"Gara su same ni yadda suka san ni."

Ya ɗauki buzunsa ya fita ƙofar gida. Inna ta ajiye ludayin a hankali, ta goge hannu a zaninta, ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke, me kika yi wa ɗana?"

Na buɗe baki ke nan wayata ta yi ƙara a kan dutsen rumbu. Na ɗauka da hannu duk gashin kaza, na ga saƙon Kamaruddeen ne.

"Mun yi sammako, Kawu yana da ɗaurin aure da yamma. Mun shigo ƙauyenku. Ga ma tsohon nan mai jirgi zaune a ƙofar wani gida mai darbejiya, bari in tambaye shi gidanku."

Na miƙe a guje ba takalmi, ba mayafi, ina tafe ina rubuta abin da ya kamata in faɗa tun a cikin jirgi: "Cire takalminka ka durƙusa. Babana ne." Na tura. Sai dai na riga na bar gindin rumbu. Ina isa zaure na duba, ɗan agogon nan ne a gefen saƙon, bai tafi ba.

Na ji an rufe ƙofar mota. Na ji takunsa, da takalmi, har bakin buzun.

"A'a, Baba mai jirgi, ashe nan kake? Don Allah ina ne gidan Malam Sabo?"

Na manne da bangon zaure, ina jin numfashina. Baba ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi idan ya ajiye mini abu a ƙofar Inna.

"Ga Ramlat nan a bayan ƙofa," ya ce. "Tambaye ta. Ita za ta gaya maka ko yana nan, ko yana kasuwa."

Kowa yana jirana.